Wa Yaƙ Ƙirga? Kwana Huɗu Tsakanin Mafara da Ruwan Gizo

Direban da ya ɗauko mu daga tashar Gusau bai jira mota ta cika ba. Saura mutum biyu, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce ya yafe kuɗinsu, gara ya isa Mafara ya juyo kafin la'asar. Babu fasinjan da ya tambayi dalili. Muka ratsa Bunguɗu, muka wuce Maru, shinge bayan shinge, nan soja, can ɗan sanda, gaba kaɗan Askarawa. Dawa ta bushe a gonakin bakin titi, an yanke wasu an ɗaure, wasu kuwa suna tsaye ba mai taɓa su. Dattijon da ke kusa da ni ya nuna mini irin waɗannan da haɓa, ya ce ko dai mai gonar ya yi hijira, ko kuma bai gama biyan kuɗin da aka aza wa garinsu ba. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba har muka sauka.

Ba labarin 'yan bindiga ne ya kai ni ba, ko da yake a Zamfarar yau duk inda ka nufa sai ka bi ta cikinsa. Wani tsohon abokin aiki na je gani, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya fara kai rahoto a gidan rediyo tun Zamfara tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1996, da ya yi ritaya kuma ya koma gida Talata Mafara. Na ji ana cewa ya buɗe makarantar koyon aikin jarida. Da na buga masa waya don in taya shi murna sai ya kwashe da dariya, ya ce in zo in ga makarantar da idona, amma in taho da tabarmata.

Mafara gari ne mai ji da kansa, kuma da hujja. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau take, a nan kuma aka kafa jami'ar jihar. Garuruwa uku da suka kewaye madatsar ruwan Bakolori kowanne ya ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura ya yi daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan cikin ashirin da huɗu mulki yana wannan lungu. Duk da haka na zaga bakin kasuwa da tasha ina neman mai sayar da jarida, ban samu ba. Masu cajin waya kuwa na ƙirga har na gaji.

Makarantar Malam, wato abokin aikin nawa, zaure ce. Tabarma biyu, buzu guda nasa, rediyo mai batir a kan taga, sai wata tsohuwar rikoda ta kaset da ya ajiye don tarihi. Ranar Talata, ranar kasuwa, bayan azahar yara ke taruwa, don a ranar ce na ƙauye ke samun abin hawa cikin sauƙi, kuma ana tafiya cikin ayari. Ranar da na je su tara ne, bakwai maza, mata biyu. Wasu ɗaliban kwaleji ne, ɗaya malamin firamare, ɗaya kuma tela ne da ke da shafi a Facebook mai mabiya fiye da masu sauraron wasu shirye-shiryen da na sani. Ba a biyan ko sisi. Wanda ya samu hali yakan riƙo goro ko ƙullin sukari.

Ga yadda karatun yake. Kowa ya zo da labari ɗaya da ya rubuta da hannu a takarda, ba a waya ba, ya miƙe ya karanta shi da ƙarfi kamar yana gaban makirfo. Malam yana sauraro ido a rufe, jan biro a hannu. Wani saurayi siriri, ɗan Ruwan Gizo, shi ya fara. Labarinsa a kan harin da aka kai wani ƙauye ne a makon da ya gabata. Ya karanta cewa an sace mutane sama da hamsin.

Malam ya buɗe ido. "Wa yaƙ ƙirga?"

"Baba, haka mutane ka hwaɗi."

"Waɗanne mutane? Kai ka gane su? Mai garin ka tambaya, ko liman, ko wanda anka ɗauke ma ɗiya? In hamsin na, kawo man suna goma."

Yaron ya sunkuyar da kai. Sauran ba su yi dariya ba, da alama kowa ya taɓa shan irin wannan. Daga baya na fahimci tambayar ta zama kamar kirarin zauren, har yaran kan jefa wa junansu ita a hira. In wani ya ce ya ci tuwo malmala uku, sai a ce wa yaƙ ƙirga.

Malam ba ya gajiya da kawo misalin Jangebe, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Mafara, ba nisa da inda muke zaune. Da aka kwashe 'yan matan makarantar sakandaren garin a daren 26 ga Fabrairun 2021, adadin da ya zaga duniya shi ne 317. Ranar 2 ga Maris da aka sako su, 279 aka gani a Gusau, hukuma ta ce su ke nan. Malam ya ce ku duba tsakanin lambobin nan biyu, mutum talatin da takwas ne. Ga mai karanta labari a Landan ko Legas wannan kuskuren alƙalami ne. Ga uwar da ke zaune a Jangebe kuwa, tambaya ce ko 'yarta tana cikin waɗanda suka dawo ko an bar ta a daji. Manyan kafafe sun aiko wakilai da kyamarori, suka yi kwana huɗu suka koma. Wanda zai zauna ya bi gida-gida da rajistar makaranta a hannu, dole ɗan gari ne. Shi wannan ɗan garin Malam yake ƙoƙarin ƙerawa.

Da dare, muna cin hoce da miya a tsakar gida, na tambaye shi abin da ke cina tun rana. Na ce, Malam, kana koya wa yaran nan sana'ar da ita kanta ba ta da tabbas, ina za su kai ta? Ni da shi duk mun san lissafin. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, wadda iyayenmu suka koyi karatun boko da ita, ta daina fitowa tare da uwar ɗakinta New Nigerian. Sashen Hausa na Muryar Amurka, da ke watsa shiri tun 1979, ya yi tsit a Maris ɗin 2025 bayan umarnin gwamnatin Trump, wakilansa na jihohi suka wayi gari da rahoto a hannu ba inda za su aika. A nan gida ma, a Oktoban 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Pride FM da Gamji da wasu tashoshi saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, sai da hukumar NBC da ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi caa sannan aka janye. Wata biyu kafin nan, ita NBC ɗin ce ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. A Satumban 2023 kuma aka tsinci gawar Hamisu Ɗanjibga, wakilin Muryar Najeriya, a Gusau, bayan kwanaki ana nemansa.

Wannan kuwa wanda ya fito fili ne. Akwai na ɓoye da kowane ɗan jarida a Arewa ya sani. Ni kaina na taɓa yi wa wani gidan jarida aiki wata bakwai ba albashi, da na je wurin manaja sai ya nuna katin shaidar da ke rataye a wuyana, ya ce ai ga gonarka nan, ka noma. Ma'anarsa in bi tarukan 'yan siyasa in karɓi na mai. Yaro da ya fito daga kwaleji yau, wannan gonar ce ake miƙa masa, ko kuma wani ɗan siyasa ya saya masa waya da data ya zama ɗan korensa a Facebook.

Malam bai musa ko ɗaya ba. Ya ce shi ma bai taɓa yi wa yaro alkawarin aiki ba. Abin da yake gaya musu shi ne kowa ya riƙe wata sana'a, tela ya ci gaba da ɗinki, malami ya riƙe allinsa, mai gona ya yi noman rani, don cikin da ba komai a cikinsa ba ya iya ƙin ambulan. Sannan ya kawo mini Abubakar Imam, kamar yadda na san zai yi. Imam malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja. Rupert East ya ga abin da ke cikinsa, ya jawo shi Zariya, suka zauna tare ana rubutu ana gyara, har ya zama editan Gaskiya na farko. Ya ce babu wata makarantar jarida da Imam ya shiga, mutum ya samu wanda ya zauna da shi. Na ce, Malam, amma East yana da gwamnati a bayansa, da injin buga takarda, da albashi. Ya ce to shi yana da zaure.

Washegari ɗan Ruwan Gizon nan ya ɗauke ni a babur zuwa garinsu. Ya sha faɗa jiya, amma da safe ya zo fes, har da kawo wa Malam dankali a buhu. Da muka bar kwalta ya ce in mayar da wayata aljihu, kada in ɗauki hoton kowa a hanya. Sunayen garuruwan wannan yanki suna burge ni, Ruwan Gizo, Ruwan Bore, Ruwan Gora, kamar wanda ya raɗa su yana jin ƙishirwa. Na tsokane shi na ce ɗan jarida daga Ruwan Gizo, ai kowa zai ce labarinka tatsuniya ce. Ya ce an riga ni, a kwaleji ma Ƙoƙi suke tambayarsa.

A garin ne na ga rabin da ba a gani a zauren Malam. Yaron nan ba shi da ofis, amma yana da mutane. Mai cajin waya ba ya karɓar kuɗinsa. Mai shayi shi ne ɗakin labaransa, duk wanda ya kwana a wani ƙauye ya shigo da safe, a teburin nan zai fara sauke abin da ya gani. Masu kabu-kabu su ke gaya masa hanyar da ta mutu da wadda ke da rai. Wani ɗan kasuwar hatsi yakan tura masa kati duk ranar kasuwa, don shi ne ke aika farashin gero da dawa da shinkafa zuwa wani shirin rediyo na manoma, kyauta, sai dai a ambaci sunansa a ƙarshe. Wannan ambaton shi ne albashinsa, kuma na ga yadda tsofaffi ke kallonsa saboda shi.

Mahaifiyarsa ta aiko mana da fura, sannan ta leƙo ta bayan labule muka gaisa. Na ce, Inna, kin haifi ɗan jarida. Ta ce, "Ni dai Malam, ku ja mashi kunne. Mai yawan tambaya garin ga, infoma a ka ce mashi."

Ba ƙaramar magana ta yi ba. A ƙauyukan Zamfara yanzu babu kalma mai kisa kamar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Saurayi mai waya, mai shiga gari-gari yana tambayar mutum nawa aka ɗauke, nawa aka biya, ta ina suka shigo, ba shi da bambanci da infoma a idon wanda bai san shi ba. Can kuma a daji, in labari ya fita, su ma suna tambayar wa ya faɗa. A nan amfanin Malam ya wuce gyaran jimla. Kafin yaron ya fara aika ko da farashin hatsi, Malam da kansa ya hau babur ya zo, ya kai shi gaban mai gari da liman da shugaban 'yan sa-kai, ya ce wannan ɗana ne, ni na sa shi, in ya yi ba daidai ba a neme ni. Muryar da suka shekara talatin suna ji a rediyo ita ce ta tsaya masa. Babu katin shaidar da zai yi wannan aiki a Ruwan Gizo.

Mun je gaida mai garin. Bayan ranka shi daɗe da tambayar hanya, hira ta kai mu 2021, shekarar da ba a mantawa a nan. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka kwashi ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Kaya ta Maradun. Kwana biyu bayan haka aka katse layukan waya a faɗin jihar, ga shi an riga an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. Makonni aka yi ba kira ba saƙo. Mai garin ya ce a lokacin ne suka san darajar mai iya rubutu. Yaron yana ɗan sakandare a lokacin, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa a ba direbobi su kai Sakkwato ko Gusau. Wata rana ya rubuta abin da ya faru a wani ƙauye kusa da su, ya ba direba ya ce a kai wa mai maganar rediyon nan na Mafara. Haka suka haɗu da Malam. Takardar tana nan a cikin wata jaka a zaure, na gan ta, jan biro ya cinye rabinta.

Kwana na uku Malam ya ce sai ya kai ni Bakolori, don a cewarsa wanda bai ga dam ba bai san dalilin zaurensa ba. Madatsar tana kan gulbin Sakkwato, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya gina ta, aka gama a 1978, da niyyar shayar da kadada dubbai a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Har yanzu tana ciyar da jama'a, ga shinkafa, ga dankali, ga albasa, ga rake, kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe. Amma manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka hana noma shekara da shekaru ana daidaita ƙasa, sun yi ta jiran diyya har suka gaji, suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka buɗe wuta, aka ƙona gidaje, Birnin Tudu na cikin garuruwan da abin ya fi shafa.

Mutum nawa suka mutu? Hukuma ta ce ashirin da 'yan kai. Wasu masu bincike sun ce sun haura 380. Malaman jami'ar Zariya irin su Bjorn Beckman sun yi rubutu a kai daga baya, da Turanci, don masu karatun jami'a. Yau sama da shekara arba'in ke nan, tazarar da ke tsakanin lambobin biyu tana nan yadda take. Muna tsaye a bakin wata babbar kwata ta ban-ruwa, wani tsoho mai wankin dankali ya ji abin da muke magana, ya ɗago ya ce shi yana saurayi aka yi. Ya fara lissafa mana mutanen unguwarsu da yatsa, wane da wane da ƙanen wane, ya kai bakwai ya tsaya yana neman na takwas, sunan ya ɓace masa. Ya yi shiru, ya koma wankinsa. Malam ya dube ni bai ce komai ba. A mota ne ya ce lokacin yana ɗan makaranta, kuma da a ce akwai yaro ɗaya a kowane gari da littafi da biro, da yau ba a gardama.

Daga dam Maradun ba nisa, muka leƙa muka yi azahar. Ba a shiga Maradun a fita ba a ambaci Musa Ɗanƙwairo ba, haifaffen ƙasar Bakura da ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991, ga kuma Sa'idu Faru da ake kira Malamin Waƙa, shi ma ɗan wannan ƙasa. Ɗanƙwairo a gidansu ya koyi kiɗa, wurin mahaifinsa, sannan ya yi shekaru yana bayan yayansa Kurna yana amshi kafin ya ja nasa ayarin. Malam yana son wannan misali ƙwarai. Ya ce haka ake koyon kowace sana'a a ƙasar Hausa, ƙira, jima, kiɗa, karatu, ka zauna bayan babba har kunnenka ya nuna.

A nan ne muka saɓa. Na ce masa misalin yana da kyau amma yana da ƙaya. Makaɗin fada ubangida gare shi, aikinsa ya wasa shi, kuma ɗan amshi ba ya musa wa mai waƙa. In yaran nan suka koyi zama bayan babba suka ƙware, ranar da babban ya zama kwamishina ko ɗan majalisa fa? Kuma jama'ar gari da ke ba yaro caji da shayi kyauta, ranar da labarin ya shafi ɗan mai gari, ko ya zama 'yan sa-kan garin ne suka kashe wani Bafulatani da bai ji ba bai gani ba, zai iya rubutawa? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, ko ladan na ɗan siyasa ne ko na mai shayi. Wannan ce matsalar da ban ga zauren ya warware ba, kuma ba na jin ƙauna da kyakkyawar niyya za su warware ta. Labarin Zamfara da ake bayarwa daga cikin gari kusan kullum ɓangare ɗaya ne, don rugage ba su da zaure irin wannan, ba su da mai cajin waya.

Malam ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce akwai labaran da yake hana yaro sa sunansa a kai, sai ya karɓa ya tura wa wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Kaduna ko Abuja, a buga daga can. Ya ce ba jarumta ba ce, ya sani, amma ya fi a binne labarin, ya kuma fi a binne yaron. Game da rugage kuwa, ya ce ya taɓa samun yaro guda Bafulatani da ya zo sau uku, daga nan iyayensa suka yi ƙaura. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban matsa ba.

Ba wai babu taimako daga waje ba. Cibiyar CJID ta su Premium Times tana da shirin horar da ɗalibai masu aikin jarida a makarantu, HumAngle da Ahmad Salkida ya kafa a 2020 tana ɗaukar matasa daga yankunan rikici tana koya musu, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuma sun yi suna wajen jaridun cikin makaranta irin su Pen Press, inda manya ke rainon ƙanana. Shirin da BBC ta fitar a Yulin 2022 a kan shugabannin 'yan bindigar Zamfara, wanda ya girgiza Abuja, ɗan jihar ne, Yusuf Anka, ya shiga daji ya yi shi. Yaran zauren duk sun san sunansa. Sai dai yawancin waɗannan ƙofofi da Turanci ake ƙwanƙwasa su, a intanet, da fom mai shafi biyar. Yaron da Hausarsa ta fi ta editan da zai tace shi, sau da yawa a nan yake tsayawa. Aikin da malamin firamaren nan na cikinsu ya ɗaukar wa kansa ke nan, duk wanda zai cike fom sai ya kawo masa su zauna.

'Yan matan biyu ban samu zama da su sosai ba, don kafin la'asar suke tashi. Ɗaya ta karanta labari a kan matan da suka yi gudun hijira suka cika wani kango a bayan gari, yadda suke haihuwa ba ungozoma. Shi ne labari mafi kyau da na ji a zauren, kuma babu namijin da zai iya samo shi, don ba za a bar shi ya shiga ba. Malam bai tambaye ta wa ya ƙirga ba, ta riga ta rubuta, gida goma sha ɗaya, ta shiga kowanne. Abin da ya ce kawai shi ne ta cire kalmar "abin tausayi" da ta sa har sau uku, mai sauraro zai ji tausayin da kansa. Matar Malam ce ta je gidansu yarinyar ta roƙi mahaifinta kafin a bar ta ta riƙa zuwa, kuma an sa mata rana bayan sallah. Ko mijin zai bari, babu wanda ya sani.

Ranar Juma'a da sassafe na kama hanya, don direbobi sun ce a bi sahun motocin farko. Malam ya rako ni tasha da ƙullin hoce, ya ce in na koma in nemo masa tsofaffin jaridun Aminiya ko nawa ne, yara su ga yadda ake jera labari a shafi, yawancinsu ba su taɓa riƙe jarida a hannu ba. Mun wuce Maru sabis ya dawo, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga ɗan Ruwan Gizo, ana jin iska da kukan babur a bayansa. Ya ce, Malam, don Allah ka hwaɗa ma Baba in ka same shi, wayarshi ba ta shiga. Ya koma ƙauyen nan jiya, ya zauna da liman da mai gari, sun bi gida-gida. Ba hamsin ba ne, mutum talatin da ɗaya ne, biyu sun kuɓuto da dare, saura ashirin da tara. Sai ya fara karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowa. Yana kan na goma sha huɗu muka shiga wani kwari, sabis ya ɗauke.